Kiwon Manyan Macizan Asiya Masu Cin Ɓera: Halinsu da Yadda Ake Riƙe Su a Zafin Garwa da Njamena

Macizan da ake magana a kansu a nan ba su da dafin da ke kashe mutum. Dogaye ne, yawancinsu sirara, masu saurin gaske. A ƙasashensu na asali, daga Indiya zuwa kudancin Sin da tsibiran Indunusiya, cikin gonakin shinkafa da bayan rumbuna suke yini suna farautar ɓeraye da kwaɗi da tsuntsaye. Masu kiwon sha'awa a Turai da Amurka sun daɗe suna ajiye su, kuma yawancin bayanin da ke yawo a intanet daga can ya fito. Sai dai an rubuta shi ne don mutumin da sanyi ya dama, wanda babban aikinsa ɗumama keji. Mazaunin Garwa ko Marwa ko Njamena kuwa aikinsa sanyaya ɗaki a watan Afrilu da samar da danshi a hunturu. Duk wanda ya ɗauki shawarar can yadda take, ya kunna wa macijinsa fitilar ɗumama da bazara, gawa zai tarar.

Kowane iri da halinsa

Tun da ba macizan ƙasarmu ba ne, sai an riƙe sunayensu na kimiyya, domin da su ake rubuta takardun shigo da su, da su kuma za ka gane abin da ake shirin sayar maka.

Ptyas mucosa shi ne wanda Indiyawa ke kira daman. Yawanci yakan kai mita 2, wasu kan wuce 3. Da rana yake harkarsa, idonsa babba ne, kuma yana ganin motsi daga nesa fiye da yawancin macizai. Dabararsa ta farko gudu ce. In ya rasa hanya sai ya ɗaga gaba, ya kumbura maƙogwaro, ya yi wani gurnani mai zurfi, sannan ya kai sara, sau da yawa wajen fuska. Ɗan'uwansa Ptyas carinata ya fi shi tsawo, an auna wanda ya kusa mita 4. Waɗannan biyun ba na mai koyo ba ne. Sukan saba da mai kula da su har su daina firgita, amma da wuya su zama abin da za a ɗauka a zauna da shi a tabarma ana hira.

Elaphe taeniura, wanda wasu takardu ke rubuta wa Orthriophis taeniurus, shi ne ya fi yawa a hannun masu kiwo saboda kyawun zanensa. Na Taiwan rawaya ne da baƙi, yakan wuce mita 2, kuma shi ne mafi sauƙin kai a cikin manyan. Yana ƙarami yakan yi sara, amma yawancinsu kan lafa bayan shekara guda in ana taɓa su da hankali. Na Biyetnam mai shuɗi-shuɗi ya fi shi tsawo da zafin kai. Dukansu mahaya ne, rabin rayuwarsu a kan reshe take.

Elaphe carinata na Sin da Taiwan kakkaura ne mai ƙarfi, yana kusan mita 2 ko fiye. Makaminsa wani ruwa ne mai ɗoyi da yake fitarwa daga gindin wutsiya in an matsa masa, warin kan kama hannu da riga har bayan wanki. Yana cin wasu macizai, saboda haka shi kaɗai ake ajiyewa. Kuma macijin wuri mai sanyi-sanyi ne, bazarar Njamena ba tasa ba ce sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta yankewa.

Coelognathus radiatus, mai jan kai da baƙaƙen layuka a gaban jiki, shi ne sarkin barazana: ya matse wuya ta gefe da gefe, ya lanƙwasa gaba, ya wangame baki, in duk bai yi ba wani lokaci ya kwanta ya yi mutuwar ƙarya. Gonyosoma oxycephalum kore ne mai jan wutsiya, a bishiya yake zama, yana son danshi mai yawa, kuma wanda aka kamo daga daji yakan mutu a watannin farko.

In za a ba da shawara guda: mai farawa ya nemi Elaphe taeniura na Taiwan wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo. In a Ngaundare yake, inda tudun Adamawa ya haura mita 1,000 kuma zafi bai kai na kwarin Binuwai ba, aikinsa ya ragu da rabi. Mazaunin Garwa ko Kusiri ko Njamena wanda ya riga ya ƙware, Ptyas mucosa ya fi jure masa zafi, amma sai ya yarda da cewa macijin kallo ne ya ajiye.

Abin da mutane ke kira mugun hali a waɗannan macizai, in aka bi diddigi, tsoro ne. Maciji ba ya riƙo, ba ya kuma shaƙuwa da mutum irin ta kare ko doki. Abin da yake iya koya shi ne cewa wannan hannun da wannan ƙamshin ba su taɓa cutar da shi ba. Abubuwa huɗu ne ke hana shi koyon haka: an kamo shi daga daji yana babba, kejinsa ƙarami ne babu maɓoya, zafi ya yi masa yawa, ko ana yawan damunsa. Maciji guda, a keji fili mai gilas ta kowane gefe sai ya yini yana sarar gilas. A mayar da shi keji mai duhu da rassa da tukwanen ɓuya, bayan 'yan makonni sai ka gan shi ya miƙe a reshe yana kallon mai wucewa.

Takardu da saye

Ptyas mucosa yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, saboda yawan kama shi da ake yi don fata da nama. Kamaru ta shiga yarjejeniyar a 1981, Chadi a 1989. Ma'ana, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ya baro. Sauran ire-iren ma sai da takardar lafiya ta likitan dabbobi da izinin hukumar gida. A Kamaru ma'aikatar gandun daji da namun daji, MINFOF, ita ke da wannan magana, a Chadi kuma ma'aikatar muhalli. A je ofishinsu kafin a biya ko dala, ba bayan kaya sun iso filin jirgi ba.

Akwai hatsarin da ya fi na takarda. In wani ya zo da maciji a buhu ya ce na Asiya ne marar dafi, kar a karɓa. A dazuzzukanmu akwai koren macijin bishiya, Dispholidus typus, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa, shi ne ya kashe masanin macizai Karl Schmidt a Chicago a 1957. Wanda bai sani ba zai iya ɗaukarsa a matsayin koren na Asiya. Haka gamsheƙa in ba ta fasa kai ba, daga nesa tana kama da daman. Maciji babu sunan kimiyya, babu takarda, babu wanda ya san ranar ƙyanƙyasarsa, a bar wa mai shi kayansa.

Wajen dubawa, a lura da idanu garau, baki a rufe ruf babu kumfa ko yauƙi, harshe na fita akai-akai, ƙashin baya bai tsaya tsororo ba, ƙarƙashin wutsiya babu busasshen kashi, hanci babu ƙurjewa. A tambayi abin da yake ci da ranar da ya ci na ƙarshe. Sabon zuwa ana ware shi kwana 90 a ɗakin da babu wani maciji, a kan shimfiɗar jarida don a riƙa ganin kashinsa, a kuma kai kashin a duba tsutsar ciki. A Garwa akwai ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, LANAVET, da Makarantar Namun Daji da aka buɗe a 1970, a Ngaundare kuma jami'a na da makarantar likitancin dabbobi. Ta nan ake fara tambayar wanda ya san dabbobi masu jan ciki, tun maciji na da lafiya.

Keji

Tsawon keji kada ya gaza tsawon macijin. Ga babba mai mita 2 zuwa 2.4, a yi mita 2.4 a tsawo, santimita 90 a faɗi, tsayi mita 1.2 zuwa 1.8. Kafinta zai ji daɗin wannan awon domin falankin katakon da ake sayarwa santimita 244 ne da 122, a zaɓi mai kaurin milimita 18. Gefe uku da rufi duk katako, gaba kaɗai gilas. A shafe ciki da fentin katako mai hana ruwa shiga, shafi biyu ko uku, a bar shi ya sha iska mako biyu zuwa uku har warin ya tafi gaba ɗaya.

Ƙofa ta kasance a gaba, gida biyu, yadda za a buɗe rabi a yi aiki maciji na ɗaya rabin. Buɗewa ta sama kuskure ne, domin shaho da mikiya daga sama suke zuwa, kuma hannun da ya sauko daga sama sara yake jawowa. Santimita 25 na ƙasan gilas a rufe shi da takarda ko fenti. Ptyas ba ya gane gilas, in ya firgita da gudu yake dukan sa har hancinsa ya fashe, ciwon kuma shi ke zama ruɓewar baki. Saboda wannan dalili ne ma ba a yin bango da ragar waya. Ragar shan iska a sa ta ƙanana, wasu a ƙasan gefe ɗaya, wasu a saman ɗaya gefen, mai laushi, a ɗaure ta daga waje.

Duk ramin da kansa ya shiga, jikinsa zai bi. A duba tsakanin gilas biyu masu zamewa, da ramin da wayar lantarki ta shiga, da kusurwar da katako ya bushe ya buɗe a hunturu. Sakata da makulli dole ne, ba don maciji kaɗai ba, har don yaran gida.

A ciki a kafa rassa biyu ko uku masu kaurin santimita 5 zuwa 8, a ɗaure su da ƙusa mai zare don kada su mirgina. Reshen mangwaro ko na gwaiba da ya bushe a rana ya yi. A sa kanta ɗaya a sama. Maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi: tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa, aka goge bakin da dutse. Ta zama matsattsiya, yadda in ya naɗe jikinsa zai taɓa bango ta ko'ina. Babbar tukunya fayau ba ta kwantar masa da hankali. Shimfiɗar ƙasa kuwa, santimita 8 zuwa 10 na ƙasa mai tsabta wadda taki ko maganin ƙwari bai taɓa ba, a gasa ta a rana, a rufe da busasshen ganye. Yashi zalla yana busar da fata, garin katako daga wurin kafinta kuma ƙura ce da ke shiga huhu, ga shi ba a san itacen da aka yanka ba.

A ɗora kejin a kan ƙafafu, kowace ƙafa cikin gwangwanin ruwa. Kwarkwasa in ta shigo da dare, macijin da ke kulle ba shi da wurin gudu.

Zafi da danshi, inda aikin yake

Maciji ba ya yin gumi kuma jikinsa ba ya sarrafa zafin kansa, wurin da ya kwanta shi ke ba shi zafi ko sanyi. Don haka keji na bukatar gefe biyu. Ga na Taiwan da Elaphe carinata, gefen sanyi digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, gefen ɗumi 28 zuwa 30. Ga Ptyas da Coelognathus, gefen sanyi 25 zuwa 27, wurin shan ɗumi 31 zuwa 33. In duk kejin ya haura 33 babu inda zai tsere, an shiga hatsari; in ya doshi 38 zuwa 40, sa'o'i kaɗan sun isa. To a Garwa da Njamena, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa kansa yakan wuce 40, na ɗakin kwano kuwa ya fi haka.

Saboda haka ɗaki ake fara zaɓa kafin keji. Soro mai kaurin bango, ko ɗaki mai silin wanda ranar yamma ba ta dukan bangonsa, shi ake so. A ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman zafin yini a ƙasan ɗakin, a karanta shi mako biyu a tsakiyar bazara. In yana wuce 32, sai an yi dabara ko a haƙura da kiwon.

Fanka kaɗai ba ta yi wa maciji komai. Mu tana sanyaya mu ne don tana busar da gumi. Amma in ta bi ta kan jiƙaƙƙen buhu da aka rataya a taga ko a kan ragar keji, iskar kan sauko da sanyi, kuma a busasshiyar bazararmu wannan na aiki sosai. Dabarar da ta fi ita ce tukunya cikin tukunya, wadda Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A samo babbar tukunyar ƙasa marar fenti da ƙaramar da za ta shige ta, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma. A rufe bakin ƙaramar da faifan katako mai rami santimita 6 zuwa 7. Ruwa na tsattsafowa ta bangon waje yana bushewa, ciki na yin sanyi, maciji ya shiga ya yi ƙailula. Cikin ya zama a bushe, kuma a sa ma'auni a gani da ido, kar a yi zato. Da damina ta sauka iska ta jiƙe, tukunyar ba ta ƙara sanyaya komai, amma lokacin zafin ma ya karye.

Don ranar da wuta ta ɗauke da tsakar rana, a riƙa ajiye gorunan ruwa biyu ko uku masu lita ɗaya da rabi a firiza. A naɗe su da tsumma a ajiye a kusurwa ɗaya, kar ƙanƙara ta taɓa fatarsa. Alamun zafi ya yi yawa: yana zagaye keji babu tsayawa, yana tura hanci a kusurwa, ya shige ruwa ya ƙi fita, ya buɗe baki. In ya kai ga jujjuya kai ko ya kasa mirginowa daga rigingine, a sa shi a ruwa marar zurfi mai digiri 24 zuwa 26, kansa a waje. Ruwan ƙanƙara na iya ƙarasa shi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu magana ta juya. Dare kan sauka wajen digiri 15, a Ngaundare ƙasa da haka. Na Taiwan da Elaphe carinata ba su damu ba, sai dai su rage ci. Ptyas da Coelognathus kuwa kada darensu ya gaza 22. A nan ne fitilar ɗumama ke da amfani, a gefe ɗaya, cikin ragar ƙarfe don kada ya naɗe ta ya ƙone, kuma haɗe da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka saita. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba hanya ba ce, hayaƙinsa marar wari na kashe maciji da mai shi.

Danshin da suke so kashi 60 zuwa 80 ne cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da 20. A zuba ruwa a kusurwa ɗaya ta shimfiɗa yadda ƙasan zai jiƙe saman ya bushe, a yi feshi safe da yamma, a cusa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a tukunyar ɓuya ɗaya ana canja shi bayan kwana biyu. Bahon ruwa ya zama mai nauyi, wanda zai ɗauke shi duka, a canja ruwan kullum domin suna son yin kashi a ciki. A watan Agusta kuma sai a daina feshi, a buɗe iska, domin kwanciya a jiƙaƙƙiyar ƙasa na sa ɓawon cikinsa ya yi ja ya ruɓe.

Ci

Ɓeran gida da na kasuwa da gafiya haramiyarsa ne. Wanda ya ci shinkafar ɓera bai mutu ba tukuna, gubar na jikinsa, za ta wuce ga maciji. Ga tsutsar ciki, ga kuma hatsari ga mai kamawa, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, nan kusa da iyakarmu, ɓera ne ke ɗauke da shi. Kwaɗi da ƙadangarun tsakar gida ma a bar su. Mafita ita ce kiwon fararen ɓeraye: namiji ɗaya da mata biyu sun ishi babban maciji har da rara. Cikinsu kwana 21 zuwa 23 ne, ana yaye 'ya'yan a mako uku. Su ma zafi na hana su haihuwa, don haka a tara a firiza tun kafin bazara. 'Yan tsakin kwana ɗaya da salwa na kiwo suna da kyau don canjin baki, amma tsaki zalla na sa kashi ya yi ruwa da wari.

Kaurin abincin kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin. Yawancin waɗannan sirara ne, ƙanana biyu sun fi musu babba ɗaya. Ɗan ƙarami na ci bayan kwana 5 zuwa 7, babba bayan kwana 10 zuwa 14, Ptyas kuwa da yake ba ya zama, ana iya ba shi duk mako. Ba a sa masa ɓera mai rai: in maciji bai ji yunwa ba, ɓeran ne zai ci shi, kuma cizon ɓera a ido ko a baya ba ya warkewa da wuri. A kashe ɓeran nan take ba tare da azabtarwa ba, ko a narkar da na firiza a leda cikin ruwan ɗumi har cikinsa ya yi laushi babu sauran sanyi. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta ya sake daskarewa, a zubar. A miƙa da dogon hantsaki mai santimita 30 zuwa 40. Kada a yi mamaki in Ptyas bai naɗe abincinsa ba, shi dannewa yake yi da jikinsa a ƙasa ya haɗiye.

Bayan ci a ƙyale shi sa'o'i 48. In ya amayar, dalilin ɗaya ne cikin huɗu: an taɓa shi da wuri, abincin ya yi girma, zafi ya yi yawa, ko sanyi. A gyara dalilin, a jira kwana 10 zuwa 14, a ba shi rabin abin da ya saba. Gaggawar sake ba shi ita ke jawo amai na biyu, na biyun kuwa ya fi na farko illa. A makonnin da zafi ya fi tsanani, rage abinci ya fi alheri.

Taɓawa

Mako biyun farko babu taɓawa, sai canjin ruwa. Sai ya ci sau biyu ko uku a jere sannan a fara. Maƙeri zai lanƙwasa maka ƙugiya daga rodi mai milimita 8, tsawon mita guda, ya goge bakinta sumul. A rufe ƙofa da taga, a toshe ƙasan ƙofa, a kashe fankar sama, a wanke hannu don kada ya ji ƙamshin ɓera ko kaza. A fara shafa jikinsa da ƙugiyar, kullum haka, har ya gane cewa ƙugiya na nufin ba abinci ba ne. Sannan a ɗaga tsakiyarsa, a sa hannu daga ƙasa, a bar shi yana zarcewa daga hannu zuwa hannu. Ba a damƙe shi, ba a kama wuya, ba a ɗaga shi ta wutsiya. Ptyas in aka riƙe wutsiyarsa yakan murɗa jiki har ta karye. Minti biyar, sau biyu ko uku a mako, ya isa. Kansa ya yi nesa da fuskarka, kuma in ya wuce mita biyu da rabi a zama mutum biyu.

Jikinsa na faɗin abin da ke ransa. Harshe na fita a hankali, jiki a sake, yana leƙe-leƙe: lafiya. Wutsiya na karkarwa tana bugun ganye, gaba ya lanƙwashe, wuya ya kumbura, numfashi ya yi ƙarfi: a ja da baya a dawo gobe. Kumburin wuyansu daga sama zuwa ƙasa yake, ba kamar gamsheƙa da kumurci da ke baje wuya ta gefe ba. Ba a taɓa shi ranar ci, ko idonsa ya yi fari zai yi saɓa, ko da tsakar ranar bazara.

Sara zai faru ko ba daɗe. Haƙoransa ƙanana ne masu lanƙwasa baya, jini kan fita fiye da girman ciwon. Kar a fizge hannu, fizgar ce ke yaga fata ta karya masa haƙori. In ya riƙe, a zuba masa ruwan sanyi a kai. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a shafa aidin, a tabbatar allurar tetanus ba ta tsufa ba. In wurin ya kumbura ko ya yi zafi washegari, asibiti. Bayan kowace taɓawa a wanke hannu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar Salmonella mai sa gudawa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki su nisanci keji, kuma bahonsa ba ya haɗuwa da kwanukan kicin.

Saɓa da cuta

Kafin saɓa launinsa kan dushe, ido ya yi fari-shuɗi kwana uku ko huɗu, ya washe, bayan wasu kwanaki ya tuɓe. Saɓa mai kyau guda take fita. In ta fita gutsi-gutsi, danshi ne ya gaza, abin da aka fi gani a Janairu. A duba saɓar a ga murfin ido biyu da ƙarshen wutsiya sun fita, domin wadda ta maƙale a wutsiya tana ɗaure jini har ƙarshen ya bushe ya faɗi. A jiƙa shi minti 20 zuwa 30 a ruwa mai digiri 27, sannan a bar shi ya ratsa jiƙaƙƙen tawul. Murfin ido ba a ɓanɓare shi da farce.

Akwai wasu baƙaƙen ƙwari masu shan jini, girmansu bai kai ƙwayar riɗi ba, suna taruwa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, ana ganin gawarsu a bahon ruwa. A kwashe shimfiɗa duka a ƙone, a koma jarida, a wanke keji da ruwan javel kashi ɗaya cikin talatin na ruwa, a ɗauraye a shanya. Magani kuwa sai na likita. Maganin kaskar shanu, da fiya-fiya, da maganin sauro na feshi ko na kunnawa duk suna kashe maciji, haka magungunan wanke bayi masu mayar da ruwa fari. Ɗakin maciji ragar taga ce maganin sauronsa. Numfashi mai ƙara, kumfa a baki, ko ɗaga kai sama baki buɗe alamun ciwon huhu ne, ba a jinya a gida.

Maƙwabta da tserewa

A ƙasar da kububuwa ke kashe manoma duk damina, babu wanda zai tsaya tambayar sunan maciji mai mita biyu da ya gani a tsakar gidansa, kuma yana da gaskiya. Mutanen gida da mai gidan haya su sani tun farko, jauro ko lawan na unguwa ma a sanar da shi, a nuna musu hoto da takardu.

In ya fita, da wuya ya yi nisa a daren farko. A rufe ƙofofi, a duba bayan firij, ƙarƙashin katifa, cikin buhuna da takalma, saman labule da cikin silin, domin waɗannan sama suke nufa. A barbaɗa garin masara a bakin ƙofofi da gefen bango, a ajiye bahon ruwa da tukunyarsa ta ɓuya a kusurwa, da safe a bi sawu.

Elaphe taeniura kan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kula. Wanda ya gaji ba ya sakin sa a daji ko bakin kogi: irin wannan macijin da ya kuɓuce daga hannun mutane ya riga ya kafa zuriya a tsibirin Okinawa na Japan da kuma kusa da garin Hasselt a Beljiyam. A mayar wa wanda ya sayar, ko a miƙa wa wani mai kiwo tare da takardunsa da littafin da aka rubuta ranakun ci da saɓa, a kuma sanar da ofishin da ya ba da izini cewa maciji ya canja hannu.